Daga Harawa Zuwa Batir: Tarihin Makamashin Sufuri a Hanyar Kankiya

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya shelanta cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a gidajen mai na Arewa, zuwa watan Oktoba na 2024 kuwa ta zarce naira 1,000. Tsakanin Abuja da Tafashiya, wadda ke ƙaramar hukumar Kankiya a tsakiyar Jihar Katsina, akwai tafiya mai nisa, amma tsadar ba ta ɓata lokaci a hanya ba. Ta iso ta hannun ɗan acaɓa, da mai injin niƙa, da direban da ke kwasar hatsi zuwa kasuwa, da manomin rani mai jan ruwa da inji.

Daga nan ne maganar madadin fetur ta baro zaurukan taron masana ta shigo tasha. Gwamnati ta ce a koma wa iskar gas, waɗansu suka ce motar lantarki ce mafita, masu fafutukar kare muhalli kuma suka ga dama ta samu ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Sai dai wannan yanki ba baƙo ba ne ga sauyin makamashi. Cikin shekara ɗari da 'yan kai ya sauya abin da ke tafiyar da kayansa da mutanensa, an kuma gwada waɗansu hanyoyin da suka mutu tun ba su yi nisa ba. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, samun injin da zai sha sabon makamashi bai taɓa yin wuya ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne ko makamashin zai riƙa isowa bakin hanya kullum, a farashin da talaka zai iya, tare da bakaniken da ya san kansa.

Zamanin harawa da garwa

Wanda ya taso daga Kano zai bi Katsina, sai ya wuce Bichi da Tsanyawa, ya ratsa Gidan Mutum Ɗaya a ƙasar Kusada, ya shiga Kankiya, sannan Charanchi da Lambar Rimi kafin ya hango birnin Dikko. Tun kafin a san kwalta, fatake sun daɗe suna zirga-zirga tsakanin biranen nan biyu da jakai da takarkarai da raƙuma. Makamashin wannan sufuri a gona yake: harawa, da kara, da dusa, da ciyawar damina. Abin da dabbar ta ci kuma yakan koma gonar a matsayin taki. Da harshen yau, makamashi ne mai sabunta kansa kowace shekara. Amma yana da nasa rauni. Tafiyar da mota ke yi cikin sa'o'i kaɗan takan ci kwanaki, idan kuma damina ta gaza, jakin da mai shi tare suke shiga yunwa.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Jiragen farko gawayin ƙasa suke ci, daga baya aka riƙa kawo musu na Inugu. Dogon bai shiga birnin Katsina ba. Reshen da aka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa ne ya nufi Ƙaurar Namoda, inda ya isa a 1929. Saboda haka tsakiyar ƙasar Katsina ta ci gaba da dogara ga jakai, har manyan motoci suka zo suka karɓe lodin sannu a hankali.

Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan Arewa na farko da suka mallaki mota. A wancan zamani babu gidan mai. Fetur da kananzir a garwa suke zuwa, gwangwani mai cin galan huɗu, biyu a kowane akwatin katako, daga tashar jiragen ruwa ta Legas zuwa Kano a jirgin ƙasa, daga nan zuwa kantunan kamfanonin Turawa. Mota ba ta iya wuce inda garwa ta tsaya. Garwar ta daɗe bayan man cikinta ya ƙare, ta zama ma'aunin manja da abin ɗebo ruwa, wanda masu sayar da ruwa suka rataya biyu-biyu a sanda shekaru masu yawa.

Man gyaɗa a cikin inji

A shekarar 1900, a babban baje-kolin duniya na birnin Paris, an nuna wani ƙaramin inji irin wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya ƙirƙira, yana aiki da man gyaɗa zalla. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, domin tana tunanin ƙasashen da ta mamaye a Afirka, waɗanda ke nesa da gawayin ƙasa da fetur amma suke noma gyaɗa. Diesel da kansa ya ba da labarin wannan gwaji a jawaban da ya yi a 1912, shekara ɗaya kafin mutuwarsa.

A wannan shekara ta 1912 ne gyaɗa ta yi ambaliya a tashar jirgin Kano. Turawan Ingila auduga suka sa rai dogon zai kwaso wa masaƙun Lankasha, amma manoman Kano da Katsina suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Daga nan aka soma cinikin da ya ɗaukaka attajirai irin su Alhassan Ɗantata, ya kuma haifar da dalar gyaɗa.

Da a ce iyawar inji kaɗai ke yanke hukunci, da gonakin Kankiya da Kusada sun zama rijiyoyin mai tun kafin a haƙa ta farko a Neja Delta. Abubuwa uku suka hana. Man gyaɗa ya fi daraja a masana'antun sabulu da man shafa wa burodi na Turai fiye da cikin tankin mota. Man ƙasa kuma ya yi ta ƙara araha. Sannan man gyaɗa yana da kauri, idan ba a sarrafa shi ba yakan toshe hanyoyin mai na inji bayan an daɗe ana amfani da shi. Akwai kuma wata damuwa da ta fi waɗannan nauyi. Shekara ɗaya bayan ambaliyar gyaɗa aka yi farin 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta biyo baya a 1914. Duk kadadar da aka ware wa abin sayarwa an rage ta ne daga ta gero da dawa, kuma mutanen da suka ga rumbu ya ƙare ba su buƙatar a yi musu bayanin hatsarin zuba abinci a inji. Har yau kwalbar man gyaɗa ta fi ta man dizal tsada a kasuwa.

Sarautar fetur da hayaƙinsa

An gano mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta daidaita farashin fetur a duk faɗin ƙasa, ta yadda mai mota a Katsina zai biya abin da na Fatakwal ke biya. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a Kaduna a 1975, matatar mai ta Kaduna ta biyo baya a 1980, da bututun da ke kai mai manyan rumbunan ajiya na Kano da Gusau. A daidai waɗannan shekaru ne farin 1972 zuwa 1974 da annobar cutar gyaɗa ta 1975 suka rushe dalar gyaɗa. Yankin da ke sayar wa duniya mai daga gona ya koma mai jiran tanka daga kudu.

Abin da ya kammala sarautar fetur a karkara shi ne babur mai araha daga Sin da Indiya, wanda ya cika ƙauyuka daga ƙarshen shekarun 1990. Inda gidan mai bai kai ba, ɗan bumburutu ya kai, da jarkarsa da galan da mazurari a kan benci. Duk abin da za a faɗa game da wannan sana'a, ita ce ta isar da fetur lungunan da hukuma ba ta taɓa tsara kai shi ba. Duk wani sabon makamashi da wannan benci zai yi gasa.

Farashin da ba a rubuta a jikin famfo shi ne na hayaƙi. Kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kuma kusan kilo 2.7. Wannan iska tana taruwa a sararin sama, tana barin hasken rana ya shigo amma tana riƙe wani ɓangare na zafin da ya kamata ya fita. Kason Najeriya a hayaƙin kabon na duniya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Duk da haka, yankin Sahel yana cikin wuraren da ɗumamar ta fi yi wa barazana, domin noman mutanensa ya rataya ne a kan damina ɗaya tak ta 'yan watanni. Katsina na cikin jihohi 11 da ke bakin gaba wajen fama da kwararowar hamada. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Paris ta 2015, a taron Glasgow na 2021 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da ƙasar ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba. Sufuri babban ɓangare ne na wannan lissafi.

Rake a Brazil, bini-da-zugu a Afirka

Akwai ƙasar da ta yi nasarar noma man motarta. Bayan tashin farashin mai na 1973, Brazil ta ƙaddamar da shirin Proálcool a 1975, don sarrafa rake ya zama itanol. Gwamnati ta ba masana'antu rance mai sauƙi, ta tilasta gauraya itanol da fetur, ta sa gidajen mai suka kafa famfonsa, ta kuma riƙe farashinsa ƙasa da na fetur. A 1979 kamfanin Fiat ya fito da mota mai shan itanol zalla. Amma ko a can, da itanol ya yi ƙaranci a ƙarshen shekarun 1980, masu saye sun guje wa irin waɗannan motoci. Kasuwar ba ta farfaɗo ba sai a 2003, da aka fito da motar da ke shan kowanne daga cikin biyun, direba ya zaɓi mai araha a ranar.

Najeriya ta so ta bi sahu. A 2007 aka fitar da manufar man tsirrai ta ƙasa, wadda ta tanadi gauraya kashi 10 na itanol a fetur da kashi 20 na man tsirrai a dizal. Tsiron da aka fi ɗora wa buri a ƙasashe masu ƙarancin ruwa shi ne bini-da-zugu, wanda waɗansu ke kira cin-da-zugu. Bahaushe ya san shi tun da daɗewa a matsayin shingen gona, domin awaki ba su cinsa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayarsa mai ne, ba a cinsa balle a ce an taɓa abinci, an kuma yayata cewa yana yi a ƙasar da ta gaji.

Kamfanoni sun zuba kuɗi daga Indiya zuwa Mozambik. Kamfanin BP ya shiga haɗin gwiwar noma shi a 2007, ya fice a 2009. Kamfanin Sun Biofuels da ya karɓi dubban kadada a Tanzaniya ya durƙushe a 2011. Abin da aka gano shi ne, tsiron yana jure fari, amma jurewa daban, ba da 'ya'ya daban. In ana son amfani mai yawa sai an ba shi ƙasa mai kyau da ruwa da taki, wato abubuwan da gero da masara ke nema. A Najeriya kuwa ba a gina isassun masana'antun tacewa ba, fetur mai tallafi ya fi kowane madadi araha, manufar ta tsaya a takarda. Bini-da-zugu ya koma aikinsa na shinge.

Iskar gas da doguwar hanyarta

A Arewa, idan direba ya ce gas, sau da yawa dizal yake nufi. Wadda gwamnati ke magana a kai daban ce: iskar da ke fitowa daga rijiyoyin mai, wadda ake matsewa cikin tukunyar ƙarfe da ƙarfin da ya kai ninki 200 na iskar da muke shaƙa, aka fi saninta da CNG. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin wannan iska, kuma shekara da shekaru ana ƙona wani ɓangare nata a banza a Neja Delta. Motar da ke amfani da ita tana rage hayaƙin kabon da kusan kashi ɗaya cikin biyar idan aka kwatanta da fetur, tana kuma rage baƙin hayaƙi mai cutar da huhu. Ragi ne mai amfani, amma ba kawarwa ba ne, kuma idan iskar ta riƙa yoyo a hanya ribar takan zube, domin ita kanta ta fi kabon riƙe zafi.

An fara gwada ta a motocin haya na birnin Benin shekaru da dama kafin a cire tallafi. Gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da ita a Disamba 2020, amma bai yi tasiri ba, tunda fetur na da araha. Sai a Agusta 2023 aka kafa shirin shugaban ƙasa na CNG, direbobi suka fara layi da kansu a cibiyoyin sauya injina, saboda yanzu lissafin aljihu ya goyi bayan abin.

Matsalar Katsina ita ce nisa. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an aza harsashinsa ranar 30 ga Yuni, 2020, da niyyar gamawa cikin shekara biyu, wa'adin kuma ya sha ɗagawa. Ko da ya kammala, a Kano zai tsaya. Inda bututu bai kai ba, a tanka ake kawo iskar daga kudu, tankar kuma sau da yawa dizal take sha. Direban Kankiya da ya kashe dubban ɗaruruwan naira ya sa tukunya a bayan motarsa, idan sai ya je babban birni zai cika ta, rabin ribarsa ta tafi a hanya. Ga kuma batun inganci: a Oktoba 2024 wata tukunya da aka ƙera ba bisa ƙa'ida ba ta fashe a gidan gas a Benin, ta jikkata mutane. Inda babu ƙwararren mai sawa da mai dubawa, araha na iya zama ajali.

Motar lantarki da wutar da za ta sha

Ta fuskar fasaha, Arewa ba ta rasa mutane ba. Jelani Aliyu, Basakkwace da ya yi aiki da kamfanin General Motors a Amurka, shi ya zana siffar farko ta motar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007. Da ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017, an ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a Legas, aka kuma buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, duka a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya riƙa cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir da faifan sola.

Amma motar lantarki ba ta fi wutar da ke ciyar da ita ba, kuma a nan ne ƙasar Katsina ke da nata labarin. A Lambar Rimi, a gefen wannan hanya, akwai fankoki 37 na samar da wuta daga iska, masu jimlar ƙarfin megawat 10. An faro tunanin aikin a 2005, zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, gwamnatin tarayya ta karɓa daga baya ta ba kamfanin Vergnet na Faransa. A Disamba 2012 'yan ƙungiyar Ansaru suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai a Nuwamba 2013. Aikin ya shafe fiye da shekara goma ba a kammala shi ba.

Kankiya kanta an zaɓe ta don wani aikin da ya fi wannan girma. A 2016 gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniyar sayen wuta da kamfanoni 14 da za su gina tashoshin hasken rana masu jimlar megawat 1,125, ciki har da ta megawat 75 da kamfanin Pan Africa Solar zai gina a Kankiya, inda ake da tashar rarraba wuta a kan babban layin Kano zuwa Katsina. Sai aka shiga jayayya kan farashin wutar da kuma lamunin da gwamnati za ta tsaya wa masu zuba jari, shekaru suka shuɗe ba a gina tashoshin ba. A Oktoba 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da Katsina da maƙwabtansu sun kwashe kwanaki cikin duhu. Da sufurin yankin ya dogara ga wannan layi, da a ranar farko ya tsaya.

Abin da ya riga ya kama ƙasa

A daidai shekarun da manyan ayyukan nan suka maƙale, faifan sola ya shiga karkara ba tare da biki ba. Ya hau rufin shagon cajin waya, da masallaci, da famfon burtsatse, ya kuma fara maye gurbin injin ban-ruwa mai shan fetur a fadamu. Babu dokar da ta tilasta wa kowa. Kayan sun yi araha, ana samunsu a kasuwannin Kano, matasa kuma sun koyi haɗa su da gyara su. Sharuɗɗan da garwa ta cika a zamanin Dikko, ɗan bumburutu ya cika a zamanin babur, su ne sola ta cika.

Wannan ya sa ya dace a dubi abin hawan da mutanen Tafashiya da Kusada suke hawa a zahiri, wato babur da keke mai ƙafa uku. Tukunyar gas ta yi wa babur nauyi, amma batirinsa ƙarami ne, rumfa ɗaya mai faifan sola na iya cajin da dama a yini. A Ruwanda da Benin da Togo, kamfanoni irin su Ampersand da Spiro sun kafa tsarin da ɗan acaɓa ke ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna, ya biya kuɗin cajin kawai, batirin na kamfani ne. Daga Janairu 2025 birnin Kigali ya daina yi wa sababbin baburan haya masu shan fetur rajista. Tsarin na da nasa ƙalubale a nan: zafin bazara yana rage wa batir kwana, ƙurar hunturu tana rufe faifai, jarin farko yana da nauyi, rashin tsaro kuma yana korar masu zuba shi.

Fetur da dizal za su daɗe a wannan hanya, musamman a manyan motoci, kuma tsofaffin motocin da Turai ke sallama za su ci gaba da shigowa. A cikin gonaki kuwa, amalanken shanu bai daina kai taki da kwaso amfani ba, da harawar da aka noma a wurin. Idan aka sake kawo wani shiri da sunan ceton yanayi, mutumin Tafashiya yana da tambayoyin da tarihin hanyarsa ya tanadar masa: a ina zai samu makamashin ranar kasuwa, nawa zai biya idan aka kwatanta da galan ɗin da ke kan benci, kuma wa zai gyara masa idan abin ya tsaya tsakanin Kankiya da Charanchi.